Fedar distoshin ɗinka ba jabu bace, fara duba adaftarka tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni, wata amfilifayar masu biki aka kawo mani shago nan wajen Ƙofar Ƙaura ta hana ni sakat kwana biyu. Bari in maimaita abinda ka ce saboda masu karantawa su san inda aka dosa. Kana Daura, kana da jita mai wuta 'yar Cana mai fikof uku (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya mai da shi wuta) da wata ƙaramar amfilifaya wat 10, abokinka ya taho maka da fedar distoshin tokumbo, ɗan akwatin nan da ake takawa don sautin jita ya yi ƙuna da kaushi, daga Sabon Garin Kano, ta roba, mai abin murɗawa guda uku. Da ka taka ta sai wani zzzzz ya cika ɗaki tun baka taɓa tsirkiya ba, in ka kaɗa kod kuma, wato tsirkiya da yawa a tare, sai sautin ya dagule ya koma kamar ana dama fura da tsakuwa. Abokai sun ce maka jabu ce, ka tara kuɗi ka sayi ta kamfanin Boss. Sannan ka ce ka ga wasu Japanawa a YouTube suna kiɗan noiz, babu waƙa babu amshi sai ƙara tsagwaronta, abin ya burge ka kana so ka gwada, shin wannan 'yar fedar zata iya?

Zata iya, kuma kar ka sayar da ita. Ni dai a abinda ya ratsa ta hannuna shekarun nan, mafi yawan fedojin da ake kawo mani ana cewa sun lalace ko jabu ne, lafiyarsu ƙalau, wutar da ake basu ce da inda ake jona su suke ɓata lamarin.

Ka fara gane me ke cikin akwatin, in ka gane shi tsoron sunan kamfani zai fita daga ranka. Distoshin ba wani sihiri bane. Siginar da ke fitowa daga jita 'yar ƙarama ce ƙwarai, sai wani ɗan aisi (IC, ɗan ƙwayar lantarki mai ƙafafu) a cikin fedar ya kumbura ta ninki ɗari ko fiye, daga nan sai ta ci karo da dayod guda biyu da aka jera suna kallon saɓanin juna, su kuma basa barin komai ya wuce kimanin rabin bolt da 'yan kai, wajen 0.6 in na silikon ne. Duk abinda ya haura haka sai su aske mashi kai. Igiyar sautin da da take tafiya lanƙwai-lanƙwai sai ta koma mai kusurwa, wannan askin shi kunnenka ke ji a matsayin ƙuna da kaushi, kuma shi ke sa sauti ya daɗe bai mutu ba. Shikenan fa. Boss DS-1 mai ruwan lemo ɗin nan da abokanka ke maka kwaɗayinta tun 1978 take kasuwa, Kurt Cobain na Nirvana ya taka ta, Steve Vai da Joe Satriani sun taka ta, amma ka kwance ta ka ga, aisi ne da dayod da 'yan taransista da kafasita irin waɗanda duk mai gyaran rediyo a kasuwar Katsina yana da su a gwangwanin madara. RAT ta kamfanin ProCo da ta fito daga Michigan a ƙarshen shekarun 1970 ita ma dabarar ɗaya ce, dayod biyu zuwa ƙasa, sai dai aisinta na asali LM308 ne mai ɗan nawa wajen aiki, wannan nawar tashi ce ma ta bata muryarta. Su Behringer da Joyo da Mooer da Donner abinda suke yi shine su ɗauki tsofaffin zane-zanen nan su sake kwaɓa su da araha. HM300 ta Behringer kwaikwayon Boss HM-2 ce, SF300 kwaikwayon FZ-2 ce, Black Secret ta Mooer kuwa RAT ce aka matse cikin ɗan akwati. Inda ake rage kuɗin ba a sauti bane galibi, a jiki ne: roba maimakon ƙarfe, jak, wato ramin soka waya, da aka liƙa kai tsaye a jikin allon sakit, makunnin da ba zai jure takun shekara goma a dandali ba. Kai da ke ɗaki ka ɗora ta a kan tebur kana danna ta da hannu, ina ruwanka da wannan.

Kuma ma in ana maganar asali, sautin nan gaba ɗayanshi daga ɓarna ya samo tushe. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks a Ingila reza ya sa ya tsaga takardar sifikarshi don ya samu kaushin da yake so. To wanda ya ce maka taka bata fitar da distoshin "na gaskiya", ka tambaye shi wanne ne na gaskiyar.

Yanzu zzzzz ɗin. Kafin ka sake taɓa komai je ka sayi batir 9 bolt, mai kusurwa huɗun nan da ake sa wa mita da makirfo mara waya, ka cire adaftar da kake amfani da ita gaba ɗaya ka sa batirin. Ina kyautata zaton rabin ƙarar zata tafi nan take. Dalili, feda irin wannan komai ta samu kumbura shi take, bata san wannan kiɗa bane wancan datti ne, in adafta ta kawo mata wuta mai datti to dattin zata ninka ta miƙo maka. Adaftocin dikoda da na rauta da cajar waya duk masu tsinka wuta da sauri ne, basu damu da tacewa ba saboda abinda aka yi su dominshi baya jin ƙara. Kuma akwai abinda ya fi ƙara muni: fedojin jita kusan dukansu 9 bolt suke so kuma tsakiyar bakin filogin negatib ne, alhali adaftocin gida mafi yawa 12 bolt ne tsakiyarsu fozitib, wato a juye. Ni da kaina farkon shigata harkar na kashe wata feda haka, bakin ya shiga daidai na ce ai shikenan, ko minti ɗaya ba a yi ba naji ƙauri. Ka duba ɗan zanen da ke bayan adaftar, da'ira da ɗigo a tsakiya, layin da ya fito daga ɗigon ya tafi wajen alamar ragi, in wajen alamar tarawa ya tafi to ajiye ta. Batir baya da tsadar riƙo a nan, DS-1 miliamf 4 kacal take ja, batir mai kyau zai yi maka awoyi da dama har ka manta da shi, sharaɗin kawai ka riƙa zare wayar da ke ramin shiga in ka gama, don wannan jak ɗin shine makunnin batirin, in ka bar shi a soke ko fedar a kashe take tana sha. Kuma irin waɗannan in batir ya mutu ɗif, ko baka taka ba sauti ba zai wuce ba, kar ka ɗauka ta ƙone.

Ragowar ƙarar daga jitar take. Fikof masu siririn jiki irin na jitarka naɗin waya ne a kan maganaɗisu, eriya ce sosai, tana zuƙo kugin wutar nepa mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa daga wayoyin bango, da na ƙwan fitila mai tsimin wuta, da regiletar fanka, da cajar da ke soke kusa da kai, inbata mai araha kuwa ba a magana, janareta ma haka. Ka tsaya da jitar a wuyanka ka riƙa juyawa a hankali kamar mai neman sabis, zaka samu wata fuska da kugin ke raguwa sosai, to nan ne alƙiblar kiɗanka a ɗakin. Ka kuma kai ɗan sandan zaɓen fikof zuwa matsayi na 2 ko na 4, a yawancin jitocin yanzu fikof biyu ne ke haɗuwa a nan su kashe kugin juna. Wayar jitar ita ma ka duba ta, waɗannan siraran da ake bayarwa kyauta cikin kwali basu da rufin kirki, ka nemi mai kauri kar ta wuce mita uku. In kugin yana raguwa duk sanda ka dafa tsirkiya wannan ba matsala bace, haka jita take. Amma in kana jin wuta na ɗan cizonka a yatsa ko a leɓe in ka kusanci makirfo, tsaya nan, kashe komai, gidajenmu da yawa ba a ja masu wayar at ba, wadda ke kai wuta ƙasa don kariya, a nemo mai wayarin ya duba soket ɗin da amfilifayar. Les Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotlan, a kan dandali wuta ta kashe shi a 1972 sanadin makirfon da ba a yi wa at daidai ba. Ba abin wasa bane.

Sai dagulewar kod, nan ne nake so ka natsu don nan kowa ke zargin feda alhali lissafi ne. In sauti biyu suka shiga askin nan tare, ba su biyun kaɗai ke fitowa ba, har da jimlarsu da bambancinsu. Ɗauki sautin da ake kira A da ke kaɗawa sau 110 a daƙiƙa ka haɗa da sautin E da ke wajen 165, bambancinsu 55, wanda shine A ɗin dai amma a ƙasa, sai kaji sautin ya yi ƙiba ya zauna daram. Yanzu ɗauki A ɗin ka haɗa da C sharf mai wajen 138 da rabi, bambancin ya koma 28 da wani abu, wannan bai dace da kowa a cikinsu ba, gurnani ne kawai. To kai da kake kaɗa tsirkiya shida a lokaci ɗaya abin murɗa ƙuna, wato Dist, a ƙure, lissafa yawan gurnanin da kake haifarwa. Ko fedar miliyan ka taka haka zata yi maka. Shi yasa 'yan rok suke kama tsirkiya biyu ko uku kawai, tushe da na biyar kamar A da E ɗin nan, su danne sauran da gefen hannu. Kuma mu nan wannan ma gaba ta kai mu, kiɗanmu dama ba na tara kod bane, layi ɗaya ne yake tafiya yana komowa, kamar yadda mai gurmi ko mai garaya ke yi. Saurari maƙwabtanmu Buzaye, Bombino na Agadas ko Mdou Moctar wanda jitarshi ta farko da kanshi ya haɗa ta da wayar birkin keke, zaka ji tsirkiya ɗaya a sake tana ta kugi a ƙasa, yatsu kuma suna gudu a kan ɗaya ko biyu a sama. Wannan salon da distoshin kamar tuwo da miya ne. Kai da ke Daura ma ai Kwangwalam ce kawai tsakaninka da Nijar, ban ga dalilin da zai sa ka tsallake su ka je kana wahalar kwaikwayon Turawa ba.

Saitin da zan ce ka fara da shi: amfilifaya a tsaftace, in tana da nata maɓallin ƙuna kashe shi, kar ka haɗa biyu yanzu. Ka ɗauki abin murɗawar kamar hannun agogo. Dist a ƙarfe tara ko goma, Tone wajen goma zuwa sha ɗaya, Level ka ɗaga shi har sai ƙarfin sauti in ka taka ya ɗan ɗara na in baka taka ba. Irin zanen DS-1 in Tone ya wuce sha biyu sai ya siranta ya koma kukan sauro, ita kuma irin RAT abin nata Filter sunanshi kuma a juye yake aiki, in ka murɗa dama ne yake rage kaifi, mutane da yawa nan suke ruɗewa. Sai ka koma kan boliyom ɗin jikin jitar ka sauke shi zuwa 6 ko 7, kaji yadda zata washe, in ka zo wajen da kake son ihu ka ɗaga da ƙaramin yatsa. Wallahi wannan ɗan abin kaɗai ya isa ya sa kaji kamar ka sayi sabuwar feda.

Wani abu da na san ana yi sosai a nan, a jona feda kai tsaye a miksar masu biki ko hom tiyata ko sifikar nan mai taya. In ka yi haka dole kaji tsiii mai soya kunne. Sifikar jita da gangan bata iya fitar da abinda ya wuce kaɗawa wajen 5,000 a daƙiƙa sosai, ita ke tace ƙaiƙayin distoshin, su kuma waɗancan suna da tuwita, 'yar ƙaramar sifikar siririn sauti, da ke fitar da komai har na sama can. In ba yadda zaka yi sai ta miksa, murɗe High na layin nan ƙasa sosai ka ɗan ɗaga Mid.

To mu zo kan noiz, wanda inaga shine ainihin abinda ya sa ka rubuto.

Duk abinda na gama lissafa maka a matsayin matsala, a can shine kayan aikin. Kugi, tsiwa, gurnanin kod, batir mai mutuwa, duka. Abin ba yau ya fara ba, tun 1913 wani Ba'italiye mai zane Luigi Russolo ya rubuta cewa ƙarar injuna da ta birni ta cancanci shiga kiɗa, har ya ƙera akwatunan katako masu hannun juyawa da ke fitar da ruri da ƙugi. Japanawan da ka gani kuwa, babbansu Masami Akita ne mai kiran kanshi Merzbow, tun 1979 yake abu ɗaya, kuma farkonshi da tarkacen ƙarfe da kaset da fedoji ya fara, ba da wasu kaya masu tsada ba. Masu wannan harka har yau fedojin da makaɗan jita ke rainawa su suke nema, irin Metal Zone ta Boss da ta fito 1991 wadda ake ta yi wa dariya ana cewa kukan zuma take, don abinda suke so shine feda mai ƙuna fiye da kima, kuma wadda in ta mutu a hannunsu ba za a yi zaman makoki ba. Kaga a nan arahar taka riba ce. Mai fedar da ya tara albashin wata biyu ya saya ba zai taɓa yarda ya soka mata abinda zan ce ka soka ma taka ba.

Ni kuma abinda ke bani dariya in ana cewa wannan kiɗan baƙo ne, kunnen Bahaushe ai bai taɓa son sauti fes ba. Dubi ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake kafawa a kan wuyan garaya don ya riƙa caccaka duk sanda aka kaɗa. Dubi tsirkiyar da ake gicciyawa a kan fatar ganga don ta riƙa zuza. Algaita fa, wa zai ce mata mai laushi? Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya. Kakanninmu da hannu suke ƙara wa sauti datti saboda sun san in babu shi kiɗan salam yake. A Kinshasa ma 'yan Konono Nº1 haka suka yi, suka naɗa fikof da maganaɗisun tsofaffin motoci suka jona likembe, ɗan akwatin kiɗa mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da babban yatsa, a lasifikar da ke tsagewa, daga baya Turai ta zo tana rububin abin.

Abu na farko da zaka nema shine faifan fiyezo. Wani ɗan faifan tagulla ne kamar kwabo mai farin shafe a tsakiya, shi ke yin ƙiii a agogon hannu da mita da tsofaffin kayan wasan yara da wasu yufiyes, masu gyara suna da shi a tarkace, wani ma kyauta zai baka. A liƙa mashi waya biyu da dalma, ɗaya a tagullar ɗaya a farin, a yi sauri don farin baya son zafi, ɗaya bakin a sa jak irin na jita. Ka shafe wajen liƙin da gam ko ka naɗe da salatif don wayar bata da wuyar tsinkewa. Ka samu makirfon da baya jin iska sai girgizar abinda aka manna shi. Manna shi a gindin faranti, a langa, a guntun kwanon rufi, a sifirin ɗin babur, a jikin keken ɗinki ana taka shi, a ƙwaryar gurmi kusa da inda tsirkiya ta hau, sai ka soka a fedar, yanzu kam ƙure Dist ɗin. Ja mataji a kan kwanon, gangara goro ko tsakuwa a farantin, goga ƙusa a sifirin. Ranar da na fara manna shi a tsohuwar fankar tebur na sa kati yana taɓa fiffiken, yaron shagona fita yayi waje yana leƙen ko jirgi ne zai sauka.

Na biyu rediyo. Kowane gida akwai tsohuwar rediyon da baba ya saba kama BBC da DW da ita a gajeren zango, to tsakanin tasha da tasha ɗin nan inda take shuuu da fito da wata murya daga nesa tana zuwa tana ɓacewa, wannan ma'adini ne. Daga ramin iyafis ɗinta ka ja waya zuwa fedar, boliyom ɗin rediyon ƙasa-ƙasa don abinda take fitarwa ya fi na jita ƙarfi nesa, kana murɗa neman tasha da hannu ɗaya kana murɗa Tone da ɗaya. Da daddare ya fi daɗi, tashoshi sun fi yawa.

Na uku shine wanda ya fi haɗari kuma ya fi daɗi, wato ka sa fedar ta ci kanta. Ka san yadda lasifikar wajen wa'azi ko biki ke ihu in makirfo ya matso kusa da ita, to shine za a yi amma a cikin waya, kuma da linzami. In kana da 'yar ƙaramar miksa: fitar fedar ta shiga layi na 1, sai ka ɗauko daga ramin Aux, wata mafita ta daban a jikin miksar, ka mayar cikin shigar fedar. Babu jita babu komai. Duk boliyom a sifili, ka buɗe babban kaɗan, sannan ka fara ɗaga Aux na layin kamar mai ɗiga magani a ido. Za a kai wani wuri da ɗan shuuu ɗin cikin fedar zai zagayo ya sake shiga ya sake kumbura, sai kawai ta kama kuka da kanta. Daga nan Tone ya zama abin sauya murya, Low da High na miksar su ma haka, wani wajen fito, wani wajen bugu kamar injin niƙa zai tashi, wani wajen tsit sannan ta fashe. Toshimaru Nakamura a Japan da wannan dabarar yayi suna, miksa kawai yake jona wa kanta ba tare da an shigar mata da komai ba. In baka da miksa, mai gyara zai iya yi maka ɗan akwati da zai raba fitar gida biyu, ɗaya ta tafi amfilifaya ɗaya ta koma shiga ta cikin boliyom mai 100k. Sai dai wata fedar a haka maimakon ta yi ihu sai ta shaƙe ta siranta, saboda tana juya siginar ne kafin ta fitar, in taka haka ta yi ba lalacewa bace, sa wata fedar a cikin zagayen ka sake gwadawa. Abinda ba a yi ko da wasa: ɗauko wayar da ke tafiya sifika daga bayan amfilifaya a soka a feda. Wannan wuta ce mai ƙarfi, take zata gasa ta, wataƙila ta tafi da amfilifayar ma.

Kuma dan Allah kar ka yi wannan gwajin da iyafis a kunne. Sautin yana iya tsalle daga shiru zuwa ƙurewa kafin ka ɗauke hannu. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin 3 kuma lokacin ya rabu biyu, kafin ka kai 100 ya koma minti 15, kuma kunnen da ya tafi baya dawowa, ni yanzu haka na hagu yana mani fito in dare yayi tsit. Sayi abin toshe kunne na soso. Tuwitar sifika ita ma bata jure doguwar tsiwa, zafi take ta ƙone, don haka kar ka aro ta masu biki ka yi gwaji da ita, 'yar wat 10 ɗinka ta fi dacewa, ko tsohuwar sifikar mota.

Batiran da suka yi sanyi kar ka zubar, ka ware su a gwangwani. In bolt ya sauka wajen 6 ko 5 wasu fedojin sai su fara in'ina, sauti ya riƙa yankewa yana tartsatsi kamar mai a kasko, akwai masu sayen na'ura ta musamman don kawai su samu wannan yunwar wutar, kai kuwa kyauta zata zo maka.

In hannunka ya faɗa kana son buɗe cikinta, abin da ya fi sauƙin canzawa dayod ɗin nan biyu ne. Ka sa jan LED a madadinsu, shi sai wajen bolt 1.7 yake fara aski, sai sautin ya ƙara ƙarfi ya buɗe ya rage matsewa. Na jameniyom kuma tun wajen 0.3 yake askewa, laushi da ƙarancin ƙarfi. Ko ka canza ɗaya ka bar ɗaya, askin ya zama ba daidai ba gefe da gefe, wata murya ce daban. Matsalar masu arahar nan kayan cikinsu 'yan mitsi-mitsi ne kamar ƙwayar gero a manne a saman allo, ƙarfen liƙin mai gyaran rediyo ya yi masu girma, wajen masu gyaran waya zaka kai, su ke da iska mai zafi da hantsaki. Akwai kuma masu jiƙa yatsa su riƙa taɓa bayan allon tana aiki suna neman inda zata yi wani kukan, in sun samu su liƙa waya da makunni a wurin. Yana aiki, amma da batir kaɗai, kuma amfilifayar ma in da hali mai batir, ba a yin wannan da abinda ke jone da bango.

Yanayinmu ma ka sa shi a lissafi. Ƙurar hunturu tana shiga cikin abin murɗawa sai kaji ƙarrr-ƙarrr in kana juyawa, feshin wanke sakit kaɗan ka murɗa sau ashirin ya wuce, kar ka sa man keke ko man gyaɗa kamar yadda wani ya taɓa yi ya kawo mani. In ka gama ka sa ta a leda ko tsohuwar safa. Zafin Afrilu kuma kar ka bar ta a but ɗin babur ko kan taga, roba ce, kuma batir yana iya zubewa a ciki ya cinye mata waya.

Wajen ɗauka, makirfon waya yana da wani abu da ke daidaita ƙarfi da kanshi, in ka kusantar da shi sai ya matse komai ya zama shara ɗaya, duk ƙananan motsin da ka sha wahala a kansu su ɓace. Ka ajiye wayar taku uku ko huɗu daga sifikar ka rage ƙarfi. In kana da kwamfuta da ɗan sawun kad, manhajar ɗaukar sauti Audacity kyauta ce, ka bar mitar tana tsayawa wajen -10 kar ta taɓa ja. Ka ɗauki minti ashirin kana wasa, gobe ka saurara da sabon kunne, zaka tarar minti biyu ko uku ne ke da rai, su zaka yanka. Kuma abinda na lura da shi, sabon shiga ƙure komai yake daga farko har ƙarshe, minti ɗaya kunne ya saba ya daina jin komai. Ka riƙa janye hannu, ka bar faranti shi kaɗai yana rawa, ka bar rediyon tana numfashi, sannan ka saki zagayen.

Maganar gida kuma ka fi ni sanin naku. Ni dai nawa tsarin tsakanin hantsi da azahar ne, lokacin da unguwa ke cike da ƙarar injin markaɗe da masu walda ba mai lura da ni, da an kusa kiran salla na kashe, da dare kuwa sam. Hajiyarmu ranar da ta fara ji cewa ta yi a kira mai gyara talabijin ta lalace, da aka ce mata ai ni ne kuma da gangan nake yi sai ta yi shiru ta ce Allah ya shirya.

In kuɗi sun shigo nan gaba, ni ba Boss zan ce ka fara saya ba, ka ƙaro dilei mai araha, fedar da ke maimaita sauti, ko wata distoshin ta biyu wadda zanenta ya bambanta da taka, ko faz, mai ƙuna mafi kauri, irin SF300. Dilei a bayan distoshin amsa-kuwwa ce mai tsafta, in ka sa shi a gaba kuwa duk maimaicin zai faɗa cikin askin tare su tattake juna, na biyun shine na masu noiz. Amma wannan sai an jima. Yanzu dai je ka gwada batirin, in zzzzz ɗin bai ragu ba zare jitar daga wayar ka naɗe bakin jak ɗin da takardar alminiyam ta cikin kwalin sigari ko ta shayi yadda kan da jikin zasu haɗu, in yayi shiru to daga jitar ne ko ɗakin, in bai yi ba canza waya ka sake, in har yanzu yana nan sai ka ɗauko mani hoton cikin fedar gaba da baya da na rubutun bayan adaftar ka turo in gani.